Sunan Tumadir: Yaya Ake Faɗarsa, Kuma Me Ya Sa Ba A Cika Jin Sa Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya ba mu 'ya mace, ina kuma da niyyar sa mata suna Tumadir, domin na karanta cewa shi ne ainihin sunan Khansa'u, shahararriyar mawaƙiyar nan ta Larabawa. Sai dai duk wanda na faɗa wa sai ya gyara mini. Wani ya ce Tamadur ne, wani ya ce Tamadir, wani dattijo kuwa ya ce Tumalir ake cewa. Na duba intanet na tarar an rubuta shi iri-iri. Wanne ne daidai? Sannan sunan nan yana da yawa a duniya, ko 'yata ce za ta tashi ita kaɗai da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Barka da arziki, Allah Ya raya ta, Ya ba mai jego lafiya.

Kai ne ka faɗa daidai, ɗan'uwa. A rubutun Larabci sunan shi ne تُمَاضِر, gaɓa uku: tu, maa, dir. Ta ɗin farko tana ɗauke da rufu'a, mim tana da fataha da alif na ja, lodi, wato baƙin ض, yana da kisira, sai ra ta rufe. Haka manyan ƙamusoshin Larabci suka yi masa wasali, haka kuma masana na zamani suke rubuta shi da baƙaƙen boko, Tumāḍir, da sanda a kan a don nuna ja, da ɗigo a ƙarƙashin d don nuna lodi. Nauyin murya a kan gaɓar tsakiya yake sauka. Ba a jan tu, ba a jan dir. Ja ɗaya ne tak a cikin sunan, shi ma na ɗabi'a, wanda masu tajwidi ke aunawa da haraka biyu. Ta ɗin sassauƙa ce, irin ta Taufiƙ, ba ɗa mai hannu ba. Ra ta ƙarshe kuwa idan an tsaya a kanta siranta ta ake yi saboda kisirar da ta gabace ta, kamar yadda ake tsayawa a kan "nasir" a aya ta 10 ta Suratuɗ Ɗariƙ.

Sai dai waɗanda suka gyara maka ba daga sama suka tsinto nasu ba. Kowane ɗaya daga cikin lafuzzan nan yana da hanyar da ya biyo.

Tamadur shi ne ya fi yawo, har a bakin Larabawan yau. Dalilinsa a fili yake. Larabci ana rubuta shi ne ba wasali, sai mai karatu ya cike da abin da kunnensa ya saba ji. Kalmomin da ke farawa da ta, su zo da alif a tsakiya, yawancin waɗanda mutane suka sani a ma'aunin tafa'ul suke: ta'awun, ta'aruf, tafahum, tasamuh. Da ido ya faɗa kan تماضر sai baki ya zura shi cikin wannan layin, ya fito Tamadur. Ma'aunin asali kuwa, tu-maa-dir, ya fi kama da fi'ili, irin tusafir ko tujahid, kuma ba a saba jin sunan mutum a wannan siga ba. Tamadir gauraye ne, an ɗauki farkon wancan an haɗa da ƙarshen wannan. A watan Fabrairun 2018, lokacin da aka naɗa Tamadur bint Yusuf al-Rammah mataimakiyar ministan ƙwadago ta Saudiyya, jaridun Turanci sun yi ta rubuta sunanta kowa da irin tasa, wasu Tamadur, wasu Tamader. Misrawa su kuma Tomader suke cewa, kamar yadda aka san Tomader Taufik, macen farko da ta shugabanci gidan talabijin na Masar. Wannan o da e da kake gani aikin lodi ne: kaurinsa yakan malala zuwa wasulan da ke kusa da shi a maganar yau da kullum, u ta karkata zuwa o, i ta karkata zuwa e.

Ra'ayina a nan shi ne, idan ka haɗu da mace ta ce maka sunanta Tamadur, to ka kira ta Tamadur, ba huruminka ba ne ka gyara mata sunan da iyayenta suka kira ta da shi. Amma kai da kake zaɓa yanzu, kuma ka ce Khansa'u kake nufi, Tumadir za ka riƙe.

Na dattijon nan shi ne ya fi ba ni sha'awa, don shi ne ya fi sauran tsufa da asali. Baƙin nan na ض, wanda a karatun allo ake kira lodi, shi ne mafi wuyar baƙaƙen Larabci, har Larabawa suna yi wa harshensu kirari da shi, suna cewa harshen dad, wato harshen lodi. Sibawaihi, babban malamin nahawu na ƙarni na biyu bayan hijira, ya siffanta mafitarsa da cewa daga gefen harshe yake fita, inda ya haɗu da turamen haƙora. Sautin da ke fita ta gefen harshe kuwa ɗan'uwan lam ne. Shi ya sa al'ummun da suka karɓi kalmomin Larabci tun da wuri da yawansu suka ji l a cikinsa. Mutanen Sifaniya suka ɗauki al-ƙadi suka mai da shi alcalde, sunan da suke kiran shugaban gari da shi har gobe. Mutanen Malesiya da Indunusiya suka mai da rida ta koma rela, farad ta koma perlu. Hausa kuwa ba a magana: alƙali, alwala, larura, farilla, lamiri, falala, haila, duk lodi ne a cikinsu. Sunan baƙin kansa da l muke faɗarsa. A sunayen mutane ma haka: Murtala daga Murtada, Rilwanu daga Ridwan, Raliya daga Radiya, Marliyya daga Mardiyya, Falalu daga Fadl, Ramalan daga Ramadan. Da a ce sunan Tumadir ya shigo Hausa tun zamanin da waɗannan suka shigo, Tumalir ko Tumaliru zai kasance, babu wanda zai ga baƙonsa. Dattijon ya bi ƙa'idar da aka karantar da shi ne, kuma ƙa'idar tana da tushe.

Abin da ya faru shi ne, lodi ya rarrabu a duniya. A Masar da Sudan da biranen Sham ya zama d mai kauri, kuma shi ne abin da aka fi ji a rediyo da bakin mafi yawan makaranta Alƙur'ani na yanzu. A Iraƙi da ƙasashen yankin Gulf ya haɗe da ظ, shi ya sa za ka ga suna rubuta Tamadher ko Tumadhir da dh. Farisawa da Turkawa da masu jin Urdu suka mai da shi z, suna cewa Ramazan da Murtaza. Wanda ya tashi cikin Urdu Tumazir zai karanta maka. To ka ga baƙi ɗaya ya haifi d da dh da z da l. Idan ka haɗa wannan da saɓanin wasula na farko da na ƙarshe, ka gano inda tulin rubuce-rubucen da ka gani a intanet suka fito. Suna ɗaya ne.

A rubutun boko shawarata ita ce Tumadir, da d marar lanƙwasa. Sunayen da ake ɗaukowa daga Larabci a wannan zamani haka ake yi musu, ana rubuta Ridwan, Fadila, Mardiyya, kunne kuma ya riga ya saba. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne kada wani ya ce maka a sa ɗ mai lanƙwasa wai don a nuna kaurin baƙin. A kalmomin da Hausa ta ara, ɗ wakilin ط ne, ba na ض ba: ɗalibi, ɗabi'a, sharaɗi, haɗari, Ɗahiru, Faɗimatu. Duk wanda ya san Larabci ya ga Tumaɗir zai mai da shi تماطر a ransa, wato ya bar saiwar sunan ya koma saiwar kalmar ruwan sama, abin da ba shi ake nufi ba. Ga kuma matsalar takardu. Layuka biyun da na'ura ke karantawa a ƙasan fasfo ba sa ɗaukar komai sai baƙaƙen A zuwa Z da lambobi da alamar cike gurbi, don haka ko an sa lanƙwasar, faɗuwa za ta yi a hanya.

Game da ma'ana, a nan ne shafukan sunaye suka fi yin ado. Za ka ga an rubuta "mai haske", "mai kyan fuska", "abar yabo", kowa da abin da ya ga zai yi wa iyaye daɗi. Abin da ke cikin ƙamus ya fi haka sauƙi. Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, ya kawo sunan ne a ƙarƙashin saiwar mim da lodi da ra, ya kuma ambato Ibn Duraid, masanin luggar Larabci, yana cewa yana zaton daga "laban madir" aka samo shi, wato nonon da ya fara tsami. Wannan saiwa tana kuma ɗauke da ma'anar fari, da ɗanyantaka, da taushin rayuwa. Daga cikinta ne aka ce sunan Mudar ya fito, kakan manyan ƙabilun Larabawan arewa, cikinsu har da Ƙuraishawa. Wasu suka ce don farin fatarsa, wasu suka ce don son da yake yi wa irin wannan nono. Saboda haka idan an ce Tumadir na nufin fara mai taushin fata, ba a yi nisa da saiwar ba, amma fassara ce ta kusantarwa. Ka lura cewa Ibn Duraid da kansa, wanda ya rasu tun 933, "ina zato" ya ce. Ibn Jinni, masanin nahawu, shi kuwa bai yarda cewa ta ɗin farko ƙari ba ce. A wurinsa tana cikin ginin kalmar, sunan kuma yana kan ma'aunin kalmomi irin su uzafir. Idan aka bi maganarsa, dangantaka da nono ta yanke ke nan. Duk da wannan saɓani, ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kan wasali ba: rufu'a a farko, kisira kafin ra.

Ni ban ɗauki duhun ma'anar a matsayin aibi ba. Tsofaffin sunayen Larabawa da yawa haka suke, Zainab ma an yi ta maganganu a kan asalinta. Darajar irin waɗannan sunaye daga waɗanda suka ɗauke su take zuwa. Ta fuskar shari'a ma hankalinka ya kwanta. An san Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, yana sauya sunan da bai dace ba: ya mai da Barra ta koma Juwairiyya, ya mai da wata mai suna Asiya da sodi, wato mai saɓo, ta koma Jamila. Mata masu suna Tumadir sun rayu a zamaninsa, suka musulunta, suka ci gaba da amsa sunansu.

Ta farkonsu ita ce wadda ka ambata, Tumadir 'yar Amru ta ƙabilar Banu Sulaim. Ta yi rayuwar jahiliyya ta kuma riski Musulunci. Abin da ya ɗaukaka ta waƙoƙin makoki ne da ta yi wa 'yan'uwanta biyu, Mu'awiya da Sakhr, musamman Sakhr, wanda aka yi wa rauni a yaƙi ya daɗe yana jinya kafin ya cika. Malaman adabi sun daɗe suna sanya ta a kan gaba cikin mata mawaƙan Larabawa. Duraidu ɗan Simma, jarumi kuma mawaƙin Hawazin, ya nemi aurenta da tsufansa ta ƙi shi, kuma a waƙar da ya yi mata da sunanta na yanka ya kira ta, wanda yana cikin abubuwan da suka adana mana sunan. Littattafan tarihin sahabbai sun kawo labarin 'ya'yanta huɗu da suka yi shahada a yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekara ta 636.

Ta biyu ba a cika ambatonta ba, alhali ɗaliban fiƙihu suna wucewa ta kan shari'arta ba tare da sun riƙe sunanta ba. Ita ce Tumadir 'yar Asbag, 'yar shugaban ƙabilar Kalb. A watan Sha'aban na shekara ta 6 bayan hijira aka tura Abdurrahman ɗan Aufu zuwa Dumatul Jandal, a yankin Jauf na arewacin Saudiyyar yau. Mahaifinta ya musulunta, Abdurrahman ya aure ta ya taho da ita Madina, aka ce ita ce mace ta farko daga Kalb da Baƙuraishe ya aura. Ita ta haifi Abu Salama ɗan Abdurrahman, ɗaya daga cikin manyan malaman Madina a zamanin tabi'ai. Abdurrahman ya sake ta a cikin ciwon da ya zama na ajalinsa, bayan rasuwarsa kuma Halifa Usman ya ba ta gado. Wannan hukunci shi ne babban abin da malamai ke kafa hujja da shi a mas'alar wanda ya saki matarsa yana kan gadon mutuwa. A babin sulhu tsakanin magada ma ana kawo ta, domin an daidaita da ita a kan rabonta, rubu'in tumuni, wato kashi ɗaya cikin 32 na gadon, da dukiyar da ruwayoyi suka ce ta kai dubu 80 ko ta ɗara. Akwai kuma Tumadir 'yar Manzur ta ƙabilar Fazara, matar Abdullahi ɗan Zubairu. Wato a wancan ƙarni sunan ba baƙo ba ne a gidajen manya, daga Sulaim zuwa Kalb zuwa Fazara.

To me ya sa ya ja baya? Babban dalili, a ganina, laƙabi ne ya danne shi. Mai sunan ta yi suna, sunan bai yi ba. Makarantu da tituna da ake sa wa sunanta a ƙasashen Larabawa Khansa'u ake rubutawa a allunansu. Uban da ya so ya yi wa 'yarsa takwara da ita, Khansa'u zai sa. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba. Mutum nawa ne suka san Ummu Aiman sunanta Baraka, ko Ummu Hani an fi cewa sunanta Fakhita? Ummu Salama da Ummu Habiba sun tsira ne domin matan Annabi ne, ana karantar da cewa Hindu da Ramla suke. Wannan ya kai mu ga dalili na biyu: rumbun da Musulmi suka fi ɗibar sunayen mata a cikinsa shi ne Alƙur'ani da gidan Annabi, Maryam, Khadija, A'isha, Faɗima, Zainab, Hafsa, Ruƙayya, Safiyya. Tumadir ba ta cikin wannan da'ira. Na uku, sigarsa. Ba shi da ta ɗin mace a ƙarshe, ba shi da alif mai ja a ƙarshe irin na Asma'u, ma'anarsa ba ta bayyana ga mai ji, ga kuma lodi a tsakiya. Sunan da mutum zai tsaya ya yi tunani kafin ya faɗa ba ya saurin ƙetara iyakar harshe. Shi ya sa ya tsaya a inda ake jin Larabci, ana samunsa a Sudan da Saudiyya da Iraƙi da Masar, can ɗin ma ba a sahun gaba ba, sannan ya yi ƙaranci sosai a sauran ƙasashen Musulmi.

Idan kana son alƙaluma, ka san irin ma'aunin da ake amfani da shi. Ƙasashen da ke fitar da ƙididdigar sunayen jarirai a kai a kai ba su da yawa. A Amurka hukumar kula da fansho da walwalar jama'a ce ke fitarwa, bayananta sun koma har 1880, tana buga jerin sunaye 1000 da suka fi yawa kowace shekara, kuma Tumadir bai taɓa shiga wannan jeri ba. Tana da wani dogon jeri a bayan wannan, amma ba ta sa sunan da bai kai jarirai 5 a shekara ba, don kare sirrin mutane. Ofishin ƙididdiga na Ingila da Wales shi kuma daga jarirai 3 yake farawa. Hukumomin biyu kowane rubutu suna ɗaukarsa suna ne mai zaman kansa. Ka duba abin da wannan ke yi wa suna irin namu. A ce an haifi yara mata takwas a shekara guda, biyu aka rubuta musu Tumadir, biyu Tamadur, biyu Tamader, biyu Tomader. A takarda babu ko ɗaya da zai fito, sai a ce sunan babu shi, alhali ga yara takwas suna amsa shi. Sunan Muhammad ma ya daɗe yana fuskantar haka a Ingila, ana raba shi da Mohammed da Mohammad, sai a ƙididdigar 2023 rubutun Muhammad shi kaɗai ya hau matsayi na ɗaya a sunayen maza. Saboda haka shafin da ya ce maka mutum kaza ne ke da sunan Tumadir a duniya, ko ya ba shi matsayi na dubu kaza, ka tambayi kanka wane rubutu ya ƙirga, a wace ƙasa, daga wace rajista. Yawancinsu kintace ne aka sa masa rigar lissafi.

Ƙarancin suna kuma ba abu ne mai dawwama ba. Mutum ɗaya ya isa ya tashe shi. Sunan Aaliyah, wanda asalinsa Larabci ne, ba ya cikin jerin 1000 na Amurka kafin 1994, shekarar da wata matashiyar mawaƙiya mai wannan suna ta fito. A shekarar ya shiga, zuwa 2001 ya kai cikin ɗari na farko. A tsakanin Musulmi ma mun ga yadda sunayen sahabbai mata irin su Nusaiba da Rumaisa'u da Rufaida da Khaula suka farfaɗo da yaɗuwar karatun sira. Tumadir na iya bin sahunsu. Amma yadda abubuwa suke a yau, ka sa a ranka cewa da wuya 'yarka ta tarar da takwara a ajinsu, wataƙila ma a makarantar baki ɗaya.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, wanda kuma nake ganin ya fi duk na baya muhimmanci. Kai ka san lafazin asali, amma ba kai kaɗai za ka riƙa kiranta ba. Kakanni za su kira, ƙawaye za su kira, malamai za su karanta daga rajista. Harshen Hausa kuma yana da abin da yake yi wa baƙon suna.

Na farko, ƙarshen sunan. Hausa tana son kalma ta ƙare da wasali, shi ya sa Zainab ta zama Zainabu, Bilƙis ta zama Bilkisu. Idan aka yi wa Tumadir haka, Tumadiru za a samu, wannan kuwa a kunnen Bahaushe sunan namiji ne, don ya shiga layin Nasiru da Bashiru da Kabiru da Jabiru. Ko ba a ƙara wasalin ba, mai karanta Tumadir a takarda zai iya zaton yaro ne, tunda Nasir da Jabir da Munir duk haka suke ƙarewa. Hanyar da Hausa ta saba bi ta warware wannan ita ce ta liƙa wa sunan alamar mace ko da babu ita a Larabci: Hajar ta zama Hajara da Hajaratu, Hind ta zama Hindatu. Kada ka yi mamaki in ka ji wata gwaggo tana kiran Tumadira ko Tumadiratu. Ba ɓata sunan ta yi ba, ta shigar da shi gida ne. Ka bar su a baki, amma kada su hau takarda.

Na biyu, kuma gara ka ji shi daga gare ni kafin ka ji shi daga bakin yara: Tumadir da tumatir baƙi ɗaya ne ya raba su. Gaɓa uku ne duka, wasulansu ɗaya, jan tsakiya ɗaya, ra ɗin ƙarshe ɗaya. Balarabe ba shi da wannan damuwa domin kalmarsa ta wannan abu daban take, amma yaron firamare mai jin Hausa ba zai kwana bai gano ba. Abin dariyar shi ne lafazin da ya fi inganci shi ya fi kusa da tsokanar. Tamadur da Tumalir sun ɗan fi nisa da ita. Ban faɗi wannan don in kashe maka gwiwa ba. Sunaye da yawa suna da abin tsokana, yara kuma sukan gaji su bari, musamman idan mai sunan ta san labarin sunanta tana kuma alfahari da shi. Amma ita ce za ta ɗauki nauyin, ba kai ba, don haka ya kamata ku zauna da mahaifiyarta ku faɗi sunan da ƙarfi, yadda za a ƙwala mata kira daga nesa, ku ji ko zuciyarku ta natsu. Masu iya magana sun ce suna linzami ne.

Idan kun natsu, ga abin da zai rage wahala. Ku tsai da rubutu ɗaya, Tumadir, tun daga takardar haihuwa, ku tabbatar shi ne a rajistar makaranta da katin asibiti da fasfo, domin gyaran baƙi ɗaya a takardun jarrabawa bayan shekaru aiki ne mai cin rai. Duk inda magatakarda zai rubuta, ku rubuta masa da hannunku, kada ku faɗa masa da baki, don abin da kunnensa ya ji zai sa. Wajen koya wa dangi kuma ku kaurara d ɗin, ku ja maa, kada a bar shi ya zame ya koma t. Wanda ya iya fitar da lodi a "walad dallin" na Fatiha ya riga ya iya sunan, sai dai a tuna masa cewa baƙin nan ne.

Idan kuwa kun ji nauyin ya yi yawa, kuna da mafita ba tare da kun rabu da wadda kuke so ku yi wa takwara ba: Tumadir a takarda, Khansa'u a baki, kamar yadda ita mai sunan ta rayu. Sai dai ku san cewa shi ma laƙabin yana da nasa. Khansa'u siffa ce ta mai ɗan gajeren hanci da ya ɗaga sama, Larabawa suna kiran barewa da saniyar daji da ita, suna kuma nufin yabo idan suka siffanta mace da haka. Baƙinsa na farko خ ne, wanda Hausa ke sassautawa ya koma h, kamar yadda Khadija ta zama Hadiza, Khalid ya zama Halidu. Hansa'u za ku riƙa ji, a rubuce kuma za ku gamu da Khansa da Khansa'u da Hansa'u, sai ku zaɓi ɗaya a nan ma.